Ƙaramar kat-kat ga mai ƙaramin iyali a Yamai: daga wurin dillali har hanyar Tawa

Wanda gidansa ke bakin kwalta a Filato zai iya wuce wannan bayani. Na yi shi ne don irinmu mazauna Bobiyel, Kwara Tegi da bayan Tallaje, mu da tsakanin ƙofar gidanmu da kwalta akwai rairayi mai riƙe taya da rani, da tabki mai shaƙe inji da damana. Mata ɗaya, yara biyu ko uku, lakwal da safe, kasuwa da yamma, ganin gida lokacin Salla: ga mai irin wannan rayuwa, ƙaramar kat-kat ta dace. Ina nufin su Toyota RAV4, Honda CR-V, Hyundai Tucson, Kia Sportage, Nissan X-Trail da Duster.

Amma kada sunan ya ruɗe ka. Tun da Toyota ta fito da RAV4 a 1994, dabarar ba ta sake ba: ƙaramar mota ce aka ɗaga daga ƙasa, jikinta da shasinta a haɗe, ba kamar Land Cruiser ko Hilux masu ƙashin ƙarfe daban ba. Tsakanin cikinta da ƙasa akwai kamar santimita 19, wato ta ɗara Corolla da ƴan yatsu. Waɗannan ƴan yatsun su ne abin da kake biya, kuma sun isa su fid da kai daga unguwa. Ba su isa su kai ka Tenere ba.

Mataki na farko: lissafi kafin zuwa kallo

Kada ka taka wurin masu sayar da motoci sai ka zauna da takarda da alƙalami, domin da zarar ka ji ƙamshin kujera, lissafi ya ƙare.

Fara da mai. Motata mai injin lita 2.5 ce, kuma cikin gari, da kilim a kunne da cunkoson gadar Kennedy, tana shan wajen lita 12 a kilomita 100. Ka ɗauka kana yin kilomita 30 a rana. A wata ka yi 900, wato lita 108. A farashin da gwamnati ta sa a watan Yulin 2024, sefa 499 kowace lita, ka doshi jaka 54 ke nan, ba ka je Doso ba, ba ka kai amarya ba. Ɗora asiransi, binyet, bizit teknik, juyen baƙin mai da tayoyi. In jimillar ta taɓa kuɗin makarantar yara ko na cefane, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ƙaramar Corolla ba ta zubar da mutuncin kowa ba.

Sannan, daga kuɗin da ka tanada, ware kashi ɗaya cikin biyar ka ɓoye, ko uwargida ta riƙe maka. Babu motar da ta sauko daga jirgin ruwa ba ta nemi kuɗi a watanta na farko ba.

Mataki na biyu: tambayi makanike kafin dillali

Nan ne yawancinmu muke juya abin. Mu sayi mota, sannan mu fara neman wanda ya san ta. Ni ma haka na yi da motata ta farko, wata ƴar Turai mai shan gazuwal da na samu da araha. Wata uku ba ta cika ba fitilar inji ta kama, ƙarfi ya ragu. Na kai ta gareji, dattijon ya leƙa ƙarƙashinta ya ɗago ya ce, "Maigida, wannan ai ba don Yamai aka yi ta ba. Kai daga gida sai ofis, ita kuwa doguwar hanya take so." Gaskiya ya faɗa. Motocin gazuwal na Turai na wajen 2010 zuwa yau suna da matatar hayaƙi da ke tara toka, ba ta ƙone tokar sai inji ya ɗau zafi an yi gudu mai tsawo. Tafiyar minti goma zuwa lakwal toshe ta take yi. Na sayar da asara. Araha ba ta ado.

Don haka ka je garejin da kake son ya zama naka, ka tambayi mai shi abu uku: wace mota ya fi buɗewa ya rufe ba tare da ya kira wani ba, wacce ce kayanta ke samuwa yau-yau a Katako ko wurin ƴan feray masu sayar da tsofaffin kayan mota, kuma wacce ce za a sami kayanta a Ƙonni ko Tawa in ta tsaya a can. Amsar ba za ta ba ka mamaki ba. Toyota ce ta cika garin, Honda da ƴan Koriya na biye. Ba wai sauran ba su da kyau ba ne. Motar da za ta kwana wata guda a gareji tana jiran kaya daga Dubai, ko da zinariya aka ƙera ta, kabu-kabu ya fi ta amfani.

Wannan magana ta ƙara nauyi tun bayan Yulin 2023. Da can motocinmu ta Kwatano suke shigowa, su bi Malanbil su tsallako Gaya. Da aka rufe iyakar Benin, kaya suka koma bin Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa.

Ga kaɗan daga halayen da masu gyara suka sani. RAV4 ta Amurka ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Ta 2009 zuwa sama mai lita 2.5 ta fi kwanciyar hankali. Nissan da yawa daga 2007 suna da irin akwatin giyar da ake kira CVT, wanda ba ya son zafi, kuma masu gyaransa kaɗan ne a nan. Ta esansi ta fi ta gazuwal sauƙin sha'ani ga mai zaman gari.

Sai batun ƙafa huɗu. Da yawa daga cikin waɗannan motoci tayoyin gaba kaɗai ke ja, duk da muna kiransu kat-kat. Leƙa ƙarƙashi: in ba ka ga doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga gaba zuwa tayoyin baya ba, to mai ƙafa biyu ce, kome dillali ya rantse. A ganina mai ƙafa biyun ta ishi mazaunin Yamai, ta fi ƙarancin shan mai, kuma abin lalacewa a jikinta bai kai na ɗayar ba. In kuwa garinku sai an sauka daga kwalta an bi kori da dutsen Adar, nemi mai huɗun.

Mataki na uku: ranar dubawa

Je da safe, da makanikenka, kuma ka ce kada a tayar da injin kafin ku zo. Ɗora hannu a kan murfin inji. In da ɗumi, an riga ku. Inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya: ƙarar ƙarfe a sakan na farko, shuɗin hayaƙi, jinkirin tashi.

Fara da lambar shasi, mai harufa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, tana kuma jikin ƙofa. Ta zama iri ɗaya a duk wuraren da kuma a takarda, harafi da harafi. Na farkonta yana faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, K Koriya, 2 Kanada, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin Amurka na goma shi ne shekara: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. Na sha ganin motar 2009 da aka sake wa fitilu da hanci ana kiranta 2012. Ka tuna kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, in ka ga 120,000, ta ci kilomita 192,000. Agogon ma ana mai da shi baya, don haka dubi abin da ba ya ƙarya: sitiyarin da ya yi santsi, robar birki da ta cinye, kujerar direba da ta lotsa.

Motocin Amurka da yawa daga gwanjon kamfanonin asiransi suke fitowa, wasu sun yi haɗari, wasu ambaliya ta ci. Ta haɗari ana iya zama da ita in ƙashinta bai lanƙwashe ba. Ta ruwa kuwa ka guje ta, domin wayoyinta za su riƙa ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi, gobe fitila, jibi ta ƙi tashi a ƙofar asibiti. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sunsuna. Dubi ƙarafan da kujera ke gudu a kai, da ramin tayar ajiya: tsatsa ko busasshiyar laka sun isa shaida. Jawo bel har ƙarshensa, sau da yawa layin ruwa yana nan.

Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Duk fitilun gaban direba su kama, sannan su mutu bayan tashin inji. Fitilar jakar iska ko ta inji da ba ta kama ba sam, ba lafiya ba ce, cire ta aka yi. Biya a sa na'urar bincike a karanta kwamfutar motar. A leƙa bututun hayaƙi a ga ko katalizar, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, na nan, domin ana yanke ta a hanya saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Buɗe murfin baƙin mai: in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa na haɗuwa da mai, ka yi sallama.

Sannan ku fita. Ba zagayen fili ba: ku hau kwalta ku kai 80, ku sauka kan laterit ku ji ƙafafunta, ku tsaya a rana minti goma sha biyar da kilim a kunne kuna kallon allurar zafi. Giya ta shiga ba fizga.

In duk wannan ya yi, koma gida ka ɗauko uwargida da yara. Ba wasa nake ba. Ita ce za ta gane cewa ƙofar bayan tsohuwar RAV4, mai taya a goye, gefe take buɗewa kuma tana son fili, abin da babu a bakin kasuwar Wadata. Ita ce za ta ce buhun shinkafa da tukunyar gas da keken yaro ba za su shiga tare ba. In ita ma za ta riƙa tuƙi, ta zauna ta ga ko tana hango hancin motar.

Mataki na huɗu: takardu

Wannan gajere ne amma ba a yi masa gaggawa. Motar da ba ta taɓa ɗaukar lambar Nijar ba, ka ga takardar duwan ta asali da idonka, lambar shasi ta dace. Wadda aka yi amfani da ita a nan, mai sunan da ke kan kart giriz shi zai sa hannu a takardar sayarwa, a buga hatimin hukuma, ka mai da ita sunanka nan da nan. "Ta wana ce, ya yi tafiya" ba takarda ba ce. Asiransi tilas ne, a ƙalla wanda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, kuma ka yanke shi kafin motar ta bar wurin. Kada ka cika kuɗi sai takardu sun cika.

Mataki na biyar: makon farko

Yanzu kuɗin da uwargida ta riƙe za su yi aiki. Ka ɗauka ba ka san kome ba game da abin da ke cikin motar, ka sake duka: baƙin mai da matatarsa, matatar iska, matatar kilim da ke bayan akwatin gaban fasinja, ruwan lagireto, man birki. Man akwatin giya a sa ainihin wanda littafin motar ya ambata, ba "jan mai" kawai ba.

Kan baƙin mai za ku yi gardama da makanike. Zai ce ƙasarmu da zafi, a zuba mai kauri, 20W-50. Wannan ilimin tsofaffin Peugeot ne. Injinan yanzu suna da ƴan siraran hanyoyin mai da kauri ke wahalarwa, musamman da safe. Bi abin da aka rubuta a murfi ko a littafi.

Gardama ta biyu ita ce kalorsta, ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya ɗau zafin da ya dace. Al'adar garejinmu ce a cire shi a jefar, a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Kada ka yarda. Injin da ba ya kai zafinsa yana ƙara shan mai, yana saurin cinyewa. In mota na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, fanka ta gaji, ko murfi ba ya riƙewa. A nemo dalilin. Kuma ruwan famfo ba ruwan lagireto ba ne, tsatsa yake haifarwa.

Sai tayoyi. A gefen kowace taya, bayan harufan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na nan kamar sabo, robarta ta bushe, kuma kwaltar watan Afrilu ba ta yafiya. Tayoyin sanyi da ke zuwa da motocin Kanada, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, ba na ƙasarmu ba ne. In motarka mai ƙafa huɗu ce, tayoyin huɗu su zama girma ɗaya, cinyewa ɗaya.

Zaman yau da gobe

Mota a Yamai maƙiyanta uku ne, kowanne da lokacinsa.

Da hunturu ƙura ce. Duk mako biyu a ciro matatar iska a kakkaɓe, in ta yi ja a sake ta. Kuɗinta bai kai na buhun gawayi biyu ba, inji kuwa miliyan ne. Juyen mai, bidanjin nan, kada ya wuce kilomita 5,000 ko wata shida. Ajiye ɗan littafi a mota kana rubuta rana da kilomita. Ranar sayarwa littafin nan kuɗi ne.

Da bazara zafi ne, lokacin da ma'auni ke haura 40 kullum. Batir ba ya daɗewa a nan, in ya shekara biyu ka fara sa masa ido. Nemi inuwa, ko ka kafa rumfar kwano a gida. Kafin ka kunna kilim, sauke gilasai ka yi tafiyar minti biyu zafin ya fita. Duba iskar taya da safe kafin a hau hanya, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Abu ɗaya kuma da ba na sassautawa a kai: ba a barin yaro cikin rufaffiyar mota, ko na shiga kanti in fito ne. Taɓa ƙarfen bel da hannunka kafin ka ɗaura wa yaro, yana ƙuna.

Da damana ruwa ne, kuma nan ne tsayin motar ke yaudarar mutane. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, na 60 yana tafiya da kat-kat. Wanda ya ga yadda Gunti Yena ke cika bayan ruwan awa ɗaya ya san abin da nake faɗi. Ruwa kwance ma, in ya wuce tsakiyar taya, juya. In ta mutu a cikin ruwa kada ka sake murɗa makulli. Inji ya shaƙi ruwa, murɗawar ce ke lanƙwasa ƙarafansa. A tura ta waje, a kira makanike.

Rairayi kuwa dabara yake so, ba ƙarfi ba. Shiga da ɗan gudu daidai, kada ka tsaya a tsakiya, kada ka murɗe sitiyari da yawa. In ta kafe, ɗaga ƙafarka. Ƙara wuta rami kawai yake tonawa. Rage iskar taya zuwa kamar bar 1.5 a ma'aunin iska, kashe na'urar hana sulɓi, yashe gaban tayoyin, ka fita a hankali, sannan ka mai da iska a wurin mai faci na farko. Mai RAV4 ta ƙafa huɗu ta 2006 zuwa 2012 yana da maɓallin kulle ƙafafun, wanda ke sakin kansa in gudu ya kai kilomita 40 a awa.

Man kwalba na bakin hanya, ajiye shi don ranar dole. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a Damagaram a 2011 muke shan man ƙasarmu a gidajen mai, kuma tun da Najeriya ta janye tallafi a 2023 arahar na kwalba ta ragu. Ƙasa da ruwan da ke cikinsa famfon mai suke kashewa. Kada kuma ka saba tafiya da allura a ja, domin man tankin ne ke sanyaya famfon.

Game da yara: baya suke zama, kowa da bel. Jariri a cinyar uwa a kujerar gaba shi ne abin da muka saba gani, shi ne kuma mafi haɗari, don jakar iska da ƙarfin tsiya take fashewa. Yawancin waɗannan motoci suna da ƙugiyoyi biyu a lungun kujerar baya na maƙala kujerar jariri. Sa yatsa za ka ji su. Kujerar gwanjo ma ta fi babu. A gefen ƙofofin baya akwai ɗan maɓallin da ke hana buɗewa daga ciki, tura shi tun yau.

Sai aro. Ranar da ka sayi mota ranar dangi da maƙwabta suka yi mota. Ni dokata ɗaya ce: haihuwa da rashin lafiya, ko tsakar dare ne a buga mini ƙofa, ni zan tuƙa. Makulli kuwa ba ya barin aljihuna. An yi fushi wata biyu, an saba.

Tafiya gida

Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne: Doso, Dogondutsi, Ƙonni, sai a karya arewa a Tsarnawa. Kai mota gareji mako guda kafin tafiya, ba jajibiri ba, don in an taɓa wani abu ya nuna kansa tun kana gari. Tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a makon. Tankin lita 60 zai iya kai ni a lissafi, amma ina cikawa a Doso in ƙara a Ƙonni, ban taɓa nadama ba.

Duba tayar ajiya da jak da abin kwance taya da hannunka. Ɗauki jarkar ruwa, igiyar ja, fitilar hannu, alwatikan gargaɗi, da takardu a jaka ɗaya inda hannu zai kai in jandarma ya tsayar. Kaya masu nauyi a ƙasa, a matsa su jikin kujera. Abin da motar ke iya ɗauka, mutane da kaya, an rubuta shi a jikin ƙofa, kuma bai kai yadda girmanta ke nunawa ba. Manya biyar da buhu biyu sun kusa cinye shi. Kada ka gina bene a kan rufi. Doguwar mota da ma ta fi gajera saurin kifewa, in ka ɗora mata buhunan albasa a ka, sannan jaki ya faɗo hanya, ba za ta saurari sitiyari ba.

Ina tashi bayan sallar asuba, in tsaya duk awa biyu yara su miƙe ƙafa ni kuma in zagaya motar ina taɓa tayoyi. Tuƙin dare ba na yi: shanu, amalanke marar fitila, babbar mota da ta lalace aka jera mata ganye a maimakon alama. In la'asar ta yi mini a Ƙonni saboda wani dalili, nan muke kwana, Tawa ta gan mu da hantsi.